Ina Ruwan Dungas da Teku?

Ban kai ƙarshen maganar ba majalisa ta kwashe da dariya. Abin da na ce kawai shi ne zan yi rubutu a kan tashar jiragen ruwa, kuma mutanen Dungas nake so su fara karantawa. Kakana, wanda ke kishingiɗe a tabarma yana jiran mai shayi ya zuba na biyu, ya tura hula ƙeya, ya ƙare mini kallo, ya ce, "Wannan ɗan neman dai boko ya gama da shi. Ina ruwan Dungas da teku? Mu da ko kwale-kwale ba mu gada ba?" Taubashina ɗan kabu-kabu ya ƙara wa miya gishiri, ya ce in jirgin ruwa nake marmari in jira watan Agusta tabki ya cika, zai aro mini masakin wanki in shiga in yi ta tuƙi har Makka.

To, na ji, na kuma shanye. Na san ba su kaɗai ba ne. Kai ma da kake karanta wannan, ko a Magarya kake ko Dogo-Dogo, ko Malawa ko Guci ko Waca, ina hango leɓenka ya karkace, kana cewa bari mu ji inda ƙaryar ɗan lakwal za ta tsaya. Ba zan roƙe ka ka yarda da ni ba. Aikin ɗan duwan zan yi maka. Zan tsayar da kai a shinge, in caje ka daga hula har takalmi, duk abin da ya taɓa hawa jirgin ruwa in karɓe. In ka koma gida da sutura a jikinka, na faɗi, zan sayi goro in raba wa majalisa.

Tsoho, da kai zan fara, tunda kai ka tsokano. Ajiye kofin nan. Ganyen shayin da ke tafasa a gabanka ba a fadamar Korama aka tsinko shi ba, daga ƙasar Sin ya taso, ga rubutunsu nan a jikin kwalin in ka sa tabarau. Sukarin da kullum kake cewa a ƙara, in na Najeriya ne, mafi yawan ɗanyensa daga Burazil ake kawo shi, a tace shi a Legas, a bakin ruwa. Butar shayin, da ƙananan kofunan gilashin, da rediyon da kake kwana rungume da shi har kakata na kishi, da batirin da ke cikinsa, da tocilan ɗin da kake haska kunama da ita, kaf ɗinsu 'yan cirani ne daga hayin teku. Tabaraun ma miƙo shi nan. Abin da ya rage maka gawayi ne da ruwan rijiya, sai ka sha lafiya.

Taubashi, sauko daga kan babur ɗin nan. Ko na Sin ne ko na Indiya, gunduwa-gunduwa ya zo a cikin kwali, a cikin jirgi, kafin makaniki ya ɗaura shi. Wayar da fasinja ke kiranka da ita haka ta zo. Rigar sanyin nan ta gwanjo kuwa, wani Bature ne ya gama yayinta a garin da ba za ka iya faɗin sunansa ba. Fetur kaɗai zan bar maka, shi ma in na matatar SORAZ ne ta Damagaram, sai ka zuba shi a aljihu ka ruga da ƙafa. Ke kuma amaryata, matar Tsoho, da kike leƙowa ta danga kina cewa a ƙyale miki miji, shiga ɗaki ki jawo buhun shinkafar baƙin nan. Yaro, karanta mata abin da aka rubuta: Tailan ko Indiya. Kawo gwangwanin tumatir, kawo kwanonin jere, kawo atamfar da kika ɓoye a ƙasan adaka, wadda sunanta ma Holan. Kar ki ɓata rai, zan bar miki turmi da taɓarya.

Harshenku ma ya tona ku tun ban caje ku ba. Mota in ba sabuwa ba ce, me kuke ce mata? 'Yar Kwatano. Wasu su ce 'yar Beljiyam. To, wa ya taɓa gaya muku ana ƙera mota a Kwatano? Abin da garin yake da shi bakin ruwa ne inda babban jirgi ke iya tsayawa ya sauke kaya. Beljiyam ɗin kuma ta shigo bakinku ne saboda tashar Antwaf, inda ake loda tsofaffin motocin Turai. Shekara da shekaru kuna kiran sunayen tashoshin jiragen ruwa safe da yamma, har kuna sa su a lefe da sadaki, yau kuma kuna tambayata ina ruwanku.

Na san amsar da ke bakinku, domin na ji ta a majalisar. Wani Alhaji mai kanti ya gyara zama ya ce, "Mu dai a Maigatari muke sarowa, in abin ya yi girma mu shiga Kano. Ba mu san wani teku ba." Madalla, Alhaji. To, Kanon a gaɓar wane teku take? Na san Bakane, abokin wasa, zai iya rantse maka cewa a kasuwar Kurmi aka fara sayar da tekun kwalba-kwalba, amma Kano ta fi kilomita 1,000 daga Legas in ka bi layin dogo. Dilar yadin da ke Kantin Kwari da katan ɗin da ke kasuwar Singa, da yawansu sun kwana a tashoshin Legas, Apapa ko Tinkan, ko sun zagayo ta Kwatano da Lome. Kai ka karɓa daga hannu na biyar ne ko na shida. Wanda ya ɗebi ruwa a randa yana iya cewa bai san rijiya ba, amma ranar da guga ya faɗa zai sani.

Bari in gaya muku abin da ake kira tasha, don na ga wasu na zaton irin tashar motar Magarya ce aka zuba wa ruwa. Ranar da na fara ganin ta Kwatano, ni da nake cika baki, sai da na riƙe hulata. Da farko akwai doguwar katangar duwatsu da aka gina a cikin tekun, don ta karya ƙarfin igiyar ruwa jirgi ya samu wurin kwanciya. Ana yashe mashigar kamar yadda muke yashe rijiya, domin in yashi ya taru babban jirgi ba zai shigo ba. Shi kansa matuƙin da ya ƙetaro duniya ba ya shiga gaba gaɗi, sai ɗan gari wanda ya san ruwan ya hau ya yi masa jagora, ƙananan jirage masu ƙarfin tsiya suna turawa suna ja har ya jingina. Daga nan manyan ƙugiyoyi, waɗanda suka fi kowace hasumiya da kuka sani tsawo, su dinga tsamo sunduƙai ɗaya bayan ɗaya suna jerawa. A bayansu ga sito-sito, ga ma'auni, ga ofishin duwan, ga 'yan tiranzit masu bin takardu, ga direbobi da yaran mota, ga mai shayi Bahaushe a bakin ƙofa, wanda in ka tsananta tambaya za ka tarar ɗan wajenmu ne. Kasuwa ce da ba ta da ranar ci, domin ba ta tashi, dare da rana.

Sunduƙin nan da muke ce wa kwantena, wanda wasunku suka mayar shago, shi ya sauya duniya. A 1956 wani mai motocin dako a Amurka, Malcom McLean, ya gaji da ganin 'yan dako na sauke kaya buhu-buhu, sai ya loda sunduƙai 58 a jirgi ɗaya, kowane a rufe yadda za a ɗora shi kan mota kai tsaye. Daga baya duniya ta daidaita awonsu, mai ƙafa 20 da mai ƙafa 40, yadda sunduƙin da aka rufe a Shangai zai zauna daram a kan tirela a Lome. Yau akwai jirage masu tsawon mita 400, masu ɗaukar sunduƙai ƙanana fiye da 20,000. Taubashi, tunda ka gudu daga lakwal, bari in yi maka lissafin. In kowace tirela ta ɗauki biyu, tirela 10,000 ke nan. In kowace ta ci mita 20 na titi, layin ya kai kilomita 200, wato daga Damagaram har ka fara jin ƙamshin Kano. Kayan jirgi ɗaya ke nan. Shi ya sa fiye da kashi 80 cikin 100 na kayan da duniya ke fatauci, in nauyi da yawa ake dubawa, ta ruwa suke bi. Ba don son kifi ba ne, don araha ne.

Amma arahar tana da sharaɗi, shi ne kada kaya su kwanta. Wani ɗan'uwana ɗan kasuwa ya taɓa haɗa kuɗi da abokansa suka yi odar sunduƙi guda. Jirgi ya iso lafiya, sai aka ga lambar da ke takarda ta saɓa da wadda ke jikin sunduƙin da harafi ɗaya. Harafi ɗaya tak. Kafin a gyara, makonni sun wuce. Kamfanin jirgi na lissafa tarar jinkiri kullum, tasha na lissafa kuɗin ajiya, direban da aka ɗauko na cin abinci a aljihun mai kaya. Kuna zaton wa ya biya? Shi ya fitar da kuɗin, amma ku kuka biya, dala-dala, a kan kowane ƙulli da kuka saya. Ranar da kakata ta dawo daga kasuwa tana faɗan cewa 'yan kanti ba su da tsoron Allah, wani lokacin da gaskiyarta, wani lokacin kuma laifin na wani sunduƙi ne da ke shan rana a bakin teku. A watan Maris na 2021 jirgi ɗaya mai suna Ever Given ya gitta a mashigin Suwez na Masar, ya toshe hanya kwana shida, ɗaruruwan jirage suka yi cirko-cirko. Maƙwabtanmu kuwa sun ga nasu tun 1975, lokacin da gwamnatin Najeriya ta yi odar siminti fiye da ƙarfin tashar Legas, jirage ɗaruruwa suka yi watanni a kan ruwa suna jiran layi, har simintin wasu ya daskare a cikinsu.

Yanzu Tsoho, mu koma kan maganarka ta cewa ba mu gaji teku ba. A nan ne zan kayar da kai a gaban matarka. Dungas ɗin nan tana cikin tsofaffin ƙasashen Sosebaki, ita da Waca da Mirya, kafin su shiga ƙarƙashin Damagaram. Damagaram kuwa da me ta yi ƙarfi a zamanin Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884? Da ayarin raƙuma masu bi ta Agadas da Gat da Gadamas su dire a Tarabulus. Me ke Tarabulus? Tashar jiragen ruwa a bakin Bahar Rum. Fatu da gashin jimina da hauren giwa suna fita, yadi da takarda da sukari da bindigogi suna shigowa. Gashin jiminar da aka fige a dajin ƙasar nan ya ƙare a kan hulunan matan Turai. Attajirai irin su Malam Yaro na Zinder da wannan hanya suka yi suna. Kakanninka sun san teku sarai, sai dai tafiyar watanni ce tsakaninsu da shi a bayan raƙumi. Raƙumi kuwa abin da yake ɗauka a irin wannan tafiya bai wuce kilo 150 ba. Ƙaramin sunduƙi ɗaya na yau yana cin riɗi kusan tan 19, kayan raƙuma fiye da 100 ke nan.

Abin da ya kashe waccan hanya ma tasha ce. A 1911 layin dogo ya iso Kano, a shekarar kuma Italiya ta afka wa Tarabulus. Fatauci ya juya baya ga arewa ya fuskanci kudu. Sai zamanin gyaɗa ya zo, wanda kai, Tsoho, ba ka gajiya da ba mu labarinsa. Ƙasar Magarya da Matamai tana cikin manyan wuraren noman gyaɗa a Nijar. Kana tsammanin buhunan da kuka auna wa kamfani a Kano aka cinye su da ƙuli-ƙuli? Dalar gyaɗar Kano da kuke yi wa kirari layin jira ne, buhuna ne da ke jiran wagunan jirgin ƙasa su kai su Apapa a zuba a jirgin ruwa. Faransawa sun ji haushin ganin gyaɗar ƙasar da suke mulka tana fita ta tashar Ingilishi, shi ya sa a 1953 suka ƙirƙiro wani shiri mai suna Hirondelle don karkatar da wani kaso ta Dahome, wato Benin ta yau. Bayan 'yancin kai aka kafa kamfanin SONARA a 1962 don cinikin gyaɗar. Keken Raleigh ɗin da ka yi tashe da shi, da kuɗin auren amaryata, daga bakin teku suka fito. Ka ci kuɗin teku ka yi aure, yau kana cewa ba ka san shi ba. Wannan butulci har ina?

To, mu zo yau. Nijar na cikin ƙasashen Afirka 16 da ba su da gaɓar teku. Ba mu kaɗai ba ne, Habasha ma mai mutane fiye da miliyan 100 ta Jibuti take fitar da mafi yawan kayanta. Dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1982 ta amince cewa ƙasa irin tamu tana da haƙƙin isa teku ta ƙasar maƙwabta, sai dai yadda za a bi ɗin sai an zauna an daidaita. Shekaru da dama babbar ƙofarmu Kwatano ce, wadda aka buɗe tasharta mai zurfi a 1965. Tun 1959 ƙasarmu da Benin suka yi tarayya a hukumar jirgin ƙasa ta OCBN, amma dogon ya tsaya a Paraku, kilomita 438 daga teku, bai taɓa taka ƙasarmu ba. Daga nan sai mota: Malanbil, a haye gadar kogin Kwara zuwa Gaya, a bi Doso, Ƙonni, Maraɗi, Damagaram, kafin a gangaro mana. Fiye da kilomita 1,500 ke nan, kowane shinge da nasa hannu a miƙe. Har rabon dako aka yi a rubuce, kashi biyu cikin uku na motocin Nijar, ɗaya na Benin. Ga kuma Lome, ga Tema ta Gana, ga Abijan. Mu nan kudancin Damagaram kuwa, ko an faɗa ko ba a faɗa ba, hancinmu a Najeriya yake shaƙar iska, shi ya sa naira ke yawo a kasuwanninmu kamar 'yar gida.

Kayan aro ba ya rufe katara, kuma kun gani da idonku, kada ku ce ɗan boko ne ya ƙirƙira. A watan Agusta na 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na tudu, babban dalilin da ta bayar shi ne shinkafar waje da ake saukewa a Kwatano a sulalo da ita ta ɓarauniyar hanya. Ba a buɗe ba sai Disamba 2020, kuma Maigatari na cikin ƙofofi huɗu na farko da aka buɗe. Taubashi, kai da ka san kowace hanyar daji a lokacin, ba sai na tona maka asiri ba. Sai kuma bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ƙungiyar CEDEAO ta sa takunkumi, aka datse gadar Malanbil, manyan motoci suka yi layi da kaya a kansu, aka koma tsallaka buhuna da kwale-kwale. An ɗage takunkumin a Fabrairu 2024, iyakar Najeriya ta buɗe a Maris, amma hukumomin Yamai suka bar ta Benin a rufe bisa dalilan tsaro. Kaya suka koma bi ta Lome, su ratsa Burkina Faso ta Kaya da Dori su shigo ta Tera, ayari-ayari da rakiyar soja. Hanya ta ƙara tsawo, jira ya ƙaru. Ba sai na gaya muku abin da buhun shinkafa da kwalin magani suka yi ba, kun fi ni sani, ku kuka ciro kuɗin. A lokacin ban ji wanda ya ce ina ruwansa da teku ba.

Har man da ke ƙarƙashin ƙasarmu sai da ya nemi bakin ruwa. Matatar SORAZ da aka buɗe a 2011 ganga 20,000 take iya tacewa a rana. Da aka so sayar wa duniya ɗanyen man Agadem, sai da aka shimfiɗa bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000 har Seme, kusa da Kwatano, jirgin farko ya yi lodi a watan Mayu na 2024, shi ma bayan ja-in-ja tsakanin gwamnatocin Nijar da Benin. In mai arzikin fetur bai wadatu da barin teku ba, kai mai buhu uku na riɗi fa?

Riɗin nan ma shi ne inda nake so ku buɗe kunne, don kada ku ɗauka tasha ƙofar shigowa ce kawai. Riɗin da kuke kaiwa Maigatari tiya-tiya, dillali ya haɗa ya tura Dawanau, a can a tace shi, a zuba a sababbin buhuna, a cika sunduƙi, a nufi Legas. Daga nan sai Japan, ko Sin, ko Turkiyya. Zoɓon da mata ke tsinka a gefen gona, wanda da can ba a ɗauke shi a bakin komai ba, Meziko ce babbar mai sayensa, can ma jiƙa shi suke su sha da sanyi kamar mu. Wata mata a wani gari da ba ta taɓa jin sunan Dungas ba tana kashe ƙishirwa da guminki, amaryata. Abin haushin shi ne a takardar jirgi ba a rubuta Dungas, ba a ma cika rubuta Nijar ba. Kuma ribar mai tsoka tana wurin wanda ya tace, ya auna, ya cika sunduƙi, ya san mai saye a hayin ruwa. Mu namu shi ne rana da ƙaiƙayi.

Kada in cika baki da yawa, ku ma kuna da taku gaskiyar, zan ba ku ita ko don Tsoho ya bar hararata. Geron da ke rumbu bai hau jirgi ba. Fura da nono, da kuka da kuɓewa, da raken fadama, da ragon da ke ɗaure a turke, babu wanda ya san duwan. Da aka rufe iyakoki, gidan da ke da hatsinsa ya fi gidan da ya saba da shinkafar Tailan kwanciyar hankali. Duk wanda ya ce a rage dogaro da abincin hayin teku, ina bayansa ɗari bisa ɗari. Sai dai ko manomin geron yana neman takin zamani, da injin ban ruwa, da farantin sola, da maganin zazzaɓin yaransa, da gidan sauro. Waɗannan ba sa tsirowa a kunya. Rufe ido ba ya hana hadari haɗuwa, sai dai ya sa ruwa ya tarar da shanya a waje.

Ga kuma labarin da zai sa ku sake dariya, amma gaskiya ne: tashar jiragen ruwa ta fara tahowa tudu. Ana ce mata tashar tudu, wato wurin da sunduƙi zai iso a rufe daga bakin teku, a yi masa aikin kwastan a nan, a kuma cika wani a rufe a tura. An ƙaddamar da ta Kaduna a 2018, ta Dala a Zawaciki ta Kano a Janairu 2023, a watan da aka buɗe sabuwar tashar Leki mai zurfi a Legas, sannan ta Funtuwa a 2024. A wajenmu an daɗe ana maganar ta Doso. A Fabrairu 2021 aka aza harsashin layin dogo mai kilomita 284 daga Kano zuwa Maraɗi, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Na ji wani ya ce, "Mun sha jin irin wannan." Da gaskiyarka, mun ga dogon da aka shimfiɗa daga Yamai zuwa Doso, wanda har yau bai zama hanyar fatauci ba. Ni ma sai na ji kukan jirgin da kunnena zan yi guɗa. Amma Daura da Kazaure ba nisa gare su daga Magarya ba, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Saboda haka ga roƙona, bayan na gama cin mutuncinku. Manoman riɗi da zoɓo, ku haɗu ƙungiya-ƙungiya, ku sheƙe kayanku tas, ku bar zuba yashi don tiya ta yi nauyi, domin a bakin teku akwai ma'aunin da ba ya jin rantsuwa, kuma buhu ɗaya mai datti yana iya ɓata sunan gari. Ku tara abin da zai cika sunduƙi, ku yi ciniki da murya ɗaya. 'Yan kasuwa, ku sa yaranku su koyi aikin tiranzit da karatun takardun jirgi, da Faransanci da Ingilishi, tunda Allah ya ajiye mu a tsakanin harsunan biyu. Masu mulki, daga magajin gari har Yamai, ku gyara hanyoyin da ke fitar da amfanin gonarmu, ku rage shingaye, kuma kada ƙasa ta sake rataya wuyanta a ƙofa ɗaya. Kai kuma mai karatu, in ka ji rediyo na maganar Kwatano ko Lome ko Apapa, kada ka murɗa ka koma tashar waƙa, farashin cefanenka na wata mai zuwa ake karanta maka.

Tsoho, ga tabaraunka, na mayar maka, ga kofinka. Taubashi, hau babur ɗinka, amma ka ajiye mini masakin nan, zan auna riɗi da shi. Goron da na yi alkawari kuwa ku za ku saya, tunda babu wanda ya tsira da ko hula a shingena. Ka sha shayinka tun bai huce ba, Tsoho, ya fi wata guda a kan ruwa kafin ya iso hannunka.